Gurbi 12 a Shekara: Ko Ya Dace Mu Yi Layi a Ƙofar Harvard?

A ƴan shekarun nan wani buri ya shiga zukatan ƙannenmu na ajin farko da na biyu na lisansi: su fara karatu a Yamai ko Damagaram, in ƙafa ta yi ƙwari su nemi canjin sheƙa zuwa ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka masu tsananin tankaɗe da rairaya. Buri ba laifi ba ne, amma wanda zai tsallaka rijiya ya kamata ya fara auna faɗinta. Ra'ayina shi ne wannan hanya ce mafi ƙunci cikin duk hanyoyin da ke gaban mai nazarin harshe, kuma akwai wadda ta fi ta.

Mu fara da lissafi. Jami'ar Harvard da kanta tana shelar cewa ɗalibai 12 ne, a matsakaici, take karɓa ta hanyar canjin jami'a kowace shekara, alhali masu nema sun haura dubu nesa ba kusa ba. Cikin mutum ɗari, da ƙyar ɗaya ke shiga. Jami'ar Princeton kuwa ta rufe wannan ƙofa tun 1990, ba ta sake buɗe ta ba sai 2018, kuma a shekarar mutum 13 ta ɗauka, tana fifita tsofaffin sojoji da ƴaƴan talakawa da ɗaliban ƙananan kwalejojin ƙasar.

Dalilin wannan ƙunci a tsarin makarantun yake. Kusan duk ɗaliban Harvard a gidajen kwanan jami'a suke zaune, kuma kusan duk wanda ya shiga ajin farko yana dawowa na biyu. Gurbi ba ya samuwa sai wani ya tashi, ga shi kuwa ba a tashi. Saboda haka ɗalibi zai iya zama zakaran ajinsu a mayar masa da takardunsa, don kawai babu gadon da za a ba shi.

Sannan akwai sharaɗin lokaci. Harvard na buƙatar mai nema ya kammala shekara ɗaya cur a wata jami'a, kada kuma ya wuce biyu. A tsarinmu na LMD lisansi shekara uku ce, don haka duk wanda ya shiga aji na uku jirgin ya bar shi. Wanda bai kai can ba kuma, a cikin wannan ɗan taƙi ake son ya ƙware a Ingilishi, ya sa a fassara sakamakonsa daga Faransanci, ya samo wasiƙun shaida daga malaman da ba su gama saninsa ba.

Wani zai ce ai Barack Obama ya bar kwalejin Occidental ya koma Columbia a 1981, kuma jami'ar UCLA tana ɗaukar dubban masu canji kowace shekara. Duka gaskiya ne. A UCLA kusan ɗaya cikin huɗu na masu neman canji ke samun shiga, alhali masu neman ajin farko ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai dai tushen wannan sauƙi shi ne tsarin ilimi mai zurfi da jihar Kalifoniya ta shimfiɗa a 1960, wanda ya ɗora gada tsakanin kwalejojinta na shekara biyu, da yanzu suka haura ɗari, da manyan jami'o'inta. Mafi rinjayen waɗanda ake ɗauka daga waɗannan kwalejoji suke fitowa. Gadar ta masu gida ce, kuma Obama ma daga wata makarantar Amurka ya koma wata.

Tambayar da ta fi damuna a matsayin ɗalibin kimiyyar harshe ita ce: me za a je nema? A fagenmu malami ake bi. Paul Newman, mai babban nahawun Hausa da ya fito a 2000, a jami'ar Indiana ya rubuta shi. Russell Schuh, wanda ya yi aiki a kan Ngizim da Bade da Miya, a UCLA ya koyar har rasuwarsa a 2016. Ita kanta Stanford, mai nazarin Hausa ya san ta ne saboda aikin William Leben a kan karin sauti. Malaminmu na gida, Mahamane Laoualy Abdoulaye, a Buffalo ya yi digirinsa na uku a 1992 a kan ƙirar kalma da ginin jimlar Hausa, bisa ra'in da Robert Van Valin na wannan jami'a yake jagoranta. Buffalo ba ta cikin jerin makarantun da ake rububi a kansu, amma aikin har yau ana ambatonsa.

A matakin mastar da digiri na uku ne ɗan Nijar yake da abin da ɗan Boston ba shi da shi. Bernard Caron sai da ya taso daga Faransa kafin ya rubuta littafinsa na Adaranci a 1991. Ɗan Tawa kuwa da wannan karin harshe ya buɗe baki. Ga Damagaranci, ga Kurfayanci, ga Tamajak da Barbarci da Tubanci a maƙwabtaka, duk suna jiran mai naɗar murya da haƙurin rubutawa. Kundin mastar mai bayanan da aka tattaro daga bakin masu harshe ya fi kowace wasiƙar roƙo buɗe ƙofar farfesa, kuma a Amurka manyan sassan kimiyyar harshe kan ɗauki nauyin ɗaliban da suka karɓa a digiri na uku.

Ban ce kowa ya yaga takardarsa ba. Mai hali da lokaci ya jarraba, muddin ya san ƙuri'a yake jefawa. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya yi sakaci da darasin tsarin sauti da ginin jimla yana farautar gurbi ɗaya cikin 12, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Ga malamanmu kuma ina da roƙo: ku nuna wa ƴan ajin farko wane ne ke aiki a kan me, kuma a ina, ku tura su karkara da na'urar naɗar murya tun kafin su kai mastar. Ɗalibin da ya san sunan malamin da yake nema da tambayar da zai kai masa ya riga ya ci rabin tafiya.