Motar farko ta matashi: tun da hanyar Kwatano ta rufe, arha ta ƙara zama tarko

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, dillalan motoci a Yamai, Maraɗi da Damagaram kan karɓi iyayen da ke neman ƴar ƙaramar mota da ɗa ko ɗiya za su riƙa zuwa jami'a da ita. Ba kowane gida ke da wannan hali ba, domin galibin matasan Nijar da babur suke farawa. Akwai kuma dangin da kan haɗa kuɗi su saya wa saurayi ɗan shekara 18 ko 19 mota don ya kama sana'ar taksi. Dukansu da tunani guda suke shiga kasuwa: tun da yaro ne zai tuƙa, a nemo mafi arha, in ya buge ta ba a yi babbar asara ba. A halin da kasuwar motoci take ciki yau, wannan lissafi na iya cin rai.

Shekaru da dama tashar ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar motocin gwanjo zuwa Nijar. Daga can ake koro su ta Malanville, su ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya, tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin Yamai. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. Ta janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma hukumomin Nijar suka bar gadar a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuma duk kuɗin da dillali ya kashe a kan hanya, mai saye ne ke biyan sa.

Sakamakon haka a bayyane yake. Kuɗin da a da za su kawo mota mai ɗan sauran ƙarfi daga Kwatano, yanzu sai dai su sayi wadda ta fi tsufa, ko wadda ta riga ta sha hannu uku ko huɗu a cikin ƙasa. Dama can motocin da ake turo wa Afirka ba zaɓaɓɓu ba ne. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai, Amurka da Japan sun fitar da motocin gwanjo miliyon 14, kimanin kashi 40 cikin ɗari nasu kuma Afirka suka nufo. Rahoton ya ce da yawa daga cikinsu ba za su samu izinin hawa hanya a ƙasashen da suka fito ba, wasu ma an cire musu na'urorin kariya kafin a loda su cikin jirgi.

A irin wannan mota ake zaunar da direban da ya fi kowa ƙarancin ƙwarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyon 1.19 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kisan ƴan shekara 5 zuwa 29, sannan Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. Tsohon direba da ya saba da hanyar Dogondutsi zuwa Ƙonni ya san inda dabbobi ke ƙetarawa, ya san yadda zai lallaɓa mota mai raunin birki. Yaron da ya karɓi permi watan jiya bai san ko ɗaya ba. Shi ya fi kowa bukatar birki mai kamawa, taya mai kyau da bel ɗin kujera mai aiki.

Abin da ya kamata a duba kafin a biya

Abu na farko shi ne takardu. Galibin motoci na da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Dole ta yi daidai da wadda ke cikin kart griz da takardar duwan. Wannan ya fi shafar mazauna Maraɗi, Ƙonni da Damagaram, inda faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa motar Katsina ko ta Kano ke jan hankali. Motar da ba a biya mata duwan ba, ranar da jami'ai suka tare ta, rangwamen da aka yi murna da shi zai koma tara, wani lokaci ma a rasa motar ɗungurungum.

Na biyu, a je da makaniken gida, wanda ba ya cin la'ada a hannun dillali. A tayar da injin da safe yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cewa yana ƙona baƙin mai. Idan aka buɗe murfin mai aka ga abu kamar shayi da madara, ruwa na haɗuwa da mai, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. A ƙasar da zafi kan kai digiri 45 a watannin Afrilu da Mayu, injin da ke saurin ɗaukar zafi ba zai daɗe ba. A ɗaga shimfiɗar ƙasan kujeru: laka ko tsatsa a wurin na nuna motar ta taɓa nutsewa cikin ambaliya, kamar wasu da ake yin gwanjonsu a Amurka bayan kamfanonin inshora sun yafe su.

Na uku, kayan kariya. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta birkin ABS su kama, sannan su mutu bayan ƴan daƙiƙoƙi. Idan ba su kama ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwan ne don a rufe aibi. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna makon da aka ƙera ta da shekarar: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi. Wanda aljihunsa ya kai, ya nemi motar da ke da na'urar hana zamewa a kwana, wadda ta zama tilas ga sababbin motoci a Tarayyar Turai tun watan Nuwamban 2014.

Kuɗin da ke biyo bayan ciniki

Ranar saye ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. Duk da haka, cika tanki mai lita 40 na cin kusan jika 20, wato kusan rabin albashi mafi ƙanƙanta na jika 42. Ƙarancin man da aka fuskanta a watan Maris na 2025 ya nuna cewa matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ba kullum take iya biyan bukatar ƙasa ba, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma man bumburutu ya ja baya. Ga inshora, ga bizit teknik, ga juyen mai. Shi ya sa ƙananan Toyota irin su Corolla da Yaris ke riƙe darajarsu: ba su da shan mai, kayan gyaransu na samuwa daga Yamai har Tawa, kuma kusan kowane gareji ya san cikinsu. Babbar motar Turai da aka karya wa farashi kan yi watanni a jingine tana jiran ƙarfe guda daga Lome.

Hukumomi ma na da nasu nauyin. A 2020 ƙasashen CEDEAO sun amince da ƙayyade shekarun motocin da za a shigo da su, amma Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, don haka ya rage gare ta da ƙawayenta na AES su tsara tasu ƙa'ida. Hana tsofaffin motoci kwata-kwata zai fi cutar da mai ƙaramin ƙarfi. Abin da zai fi amfani shi ne binciken gaske a kan birki, taya da fitilu tun a wurin shigowa, da tabbatar da cewa takardar bizit teknik da permi ba a samun su sai an cancanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER na da rawar takawa a nan.

Kafin a kai ga haka, shawara tana hannun iyaye. Idan kuɗin da ke hannu ba su isa mota mai cikakkun takardu da lafiyayyen birki ba, gara a jinkirta shekara guda, a biya wa yaro makarantar koyon tuƙi ta ƙwarai, ya ci gaba da hawa babur ɗinsa da hular kwano a ka.