Dawowar Maigida Ta Fi Ƙarfin Minti Biyar na Kuka da Yafiya

A unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Wambai a Bauchi, ba a rasa gidan da maigida ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, ya yi shekaru ba aike ba labari, sannan wata rana ya yi sallama da jaka a kafaɗa. Finafinan Hausa sun san wannan labari, amma yawanci cikin minti biyar suke gama shi: a durƙusa, a yi kuka, dattijo ya yi nasiha, a yafe. Abin da ke biyo baya ne ba a nunawa. Yaro ya kai wa uban buta, ya rasa ko ya zauna ko ya fice. Uwar da ta riƙe gida da suyar ƙosai za ta koma neman izini kafin ta leƙa maƙwabta. Wannan ba aikin jarumi mai tsada ba ne, aikin darakta ne mai cin gashin kansa, wanda zai bar kyamara ta jure shirun tsakar gida.

Maƙwabtanmu sun gwada. A fim ɗin Abouna na 2002, Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya bi yara biyu masu neman uban da ya gudu, har suka sace faifan majigi don suna ganin shi ne a ciki. A 2025, My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., labarin yara biyu da suka yini a Legas da uban da ba su saba da shi ba lokacin rikicin zaɓen 1993, ya zama fim ɗin Najeriya na farko da bikin Cannes ya zaɓa a hukumance.

Za a ce wannan zubar da girman uba ne. Ai nuna shi yana inda-inda a gaban ɗansa bai kai cin fuskar mayar da shi mugu ko abin dariya ba, kuma an sha yin hakan. Za a ce kuma babu kasuwa. Gaskiya ba zai ja masu kallo kamar shirin Labarina ba, amma gida ɗaya da 'yan wasa huɗu ba sa cin jarin da sai miliyoyi sun kalla kafin ya dawo. Kuma irin wannan labari yana daɗewa: littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, ɗan Bauchi, labarin rabuwar uwa da ɗa ne. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, kuma a 2018 an gyara shi aka haska a Berlin.