Majalisar Kan Dutse

A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mutanen ƙauyenmu sun koma hawan dutse. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya fara ganowa cewa idan ka hau dutsen da ke yamma da gari, ka wuce wata tsohuwar kuka, ka tsaya kan falalen da ke can ƙoli, wayarka takan tsinto ɗan sabis daga inda Allah kaɗai ya sani. Kafin mako ya zagayo hanya ta fito tsakanin duwatsu, kamar an shekara ana bi.

Na je gida a watan Oktoba saboda jikin mahaifiyata, na kwana goma sha biyu, kuma kusan kullum sai na hau domin in sanar da 'yan uwa halin da ake ciki. A wasu ƙasashe ana hawan dutse don neman suna da nishaɗi. Har yau ana tuna Edmund Hillary da Tenzing Norgay da suka kai ƙolin Everest a 1953. Mu kam ba mu taɓa hawa don wasa ba. Kakanninmu sun raɓi duwatsu ne don tsira, shi ya sa tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa da yawa suke gindinsu: Dala a Kano, Kufena a Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara. Ga shi jikokinsu sun sake hawa, kowa da waya a hannu, yana ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa.

Hawan bai fi na minti ashirin ba, amma jiran yakan cinye yini. Inda kuwa Hausawa suka taru suna jira, majalisa ta kafu. Wata yarinya ta fara kawo awara da yaji a roba. Wani almajiri ya mai da abin sana'a: da safe sai ya bi gidaje ya tattaro wayoyin matan aure a jakar buhu, ya hau da su, ya jera su kan dutse har saƙonni su shigo, ya sauko ya rarraba, kowace ta ba shi abin da ya sawwaƙa. Samari suna gefe guda suna duba ko alat ya faɗo. Dattawa kuma suna inuwar wani ƙaton dutse da ya yi rumfa, kuma can ne ake siyasa.

Ƙorafi ne abincin wurin. Dillalin shanu yana kukan an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ga iyali, ga bashi. Direba yana kukan an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai an zagaya ta Funtuwa. Mai injin niƙa yana kukan an hana sayar da fetur a jarka. Manomi yana kukan masararsa ta bushe a gonar daji, ba ya iya zuwa karya ta. Akwai mai kukan gwiwa, akwai mai kukan 'ya'yan zamani ba sa durƙusawa gaisuwa, akwai mai kukan goro ya yi tsada kuma ba ɗanɗano. Duk wanda ya gama nasa, sai a rufe da magana ɗaya: ai da ba haka ake ba.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan magana wani tsoho ne dogo, ya haura saba'in, da sandar gora da rediyo ƙarama a aljihu. A samartakarsa malamin jangali ne. Ra'ayinsa ba ɓoye-ɓoye: ƙasa ta lalace ne ran da aka karɓe iko daga hannun sarakuna. Yana da lissafinsa a ka, kuma ba ya kuskuren shekara. An kashe Sardauna a Janairun 1966. A zamanin Gowon aka raba En'e da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. A 1976 aka zo da tsarin ƙananan hukumomi, hakimi ya koma ɗan kallo. A 1979 Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ya soke haraji da jangali. “Daga nan,” in ji shi, “aka kwance wa ƙasa zani a kasuwa.”

Ni kuwa gidan sawaba na tashi. Hoton Malam Aminu Kano yana zauren mahaifina har ya rasu. Ga kuma ɗan karatun boko da ke sa mutum jin ya fi kowa sani. A rana ta uku na kasa haƙuri. Na gyara zama na zuba masa lacca: ra'ayin 'yan mazan jiya, mulkin danniya, bulala, aikin tilas, yadda aka kafa NEPU a Kano a 1950 don ƙwato wa talaka 'yanci. Na yi magana mai tsawo, har samari suka matso. Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, domin ina yi wa mutumin da ya ga abin da idonsa bayanin abin da na karanta a littafi.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ɓare goro, ya ba ni ɓari guda.

“Ɗan nan, ka gama?”

“Na gama, Baba.”

“To, in tambaye ka. Yau in baƙo ya kwana a unguwarku, wa zai sani?”

Na yi shiru.

“A lokacinmu, kafin ya wanke ido da safe mai unguwa ya sani. Kafin azahar dagaci ya sani. In da abin dubawa, kafin rana ta faɗi hakimi ya ji. Ni da kake gani, da damina nake shiga dajin nan da keke da littafi. Kowace ruga na san ardonta, na san 'ya'yansa, na san shanunsa har da masu ɗingishi. In saniya ta ɓata a nan, cigiya za ta riga ɓarawo isa kasuwa. Bara a watan Disamba aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara, a ƙafa, cikin dare. Ta sama suka bi? Yanzu kawo mini mutum ɗaya a sakatariya da zai faɗa maka sunan ardo uku a dajin can.”

Ya nuna yamma da sandarsa, wajen iyakar Zamfara, inda daji ya yi baƙi ƙirin har iyakar gani.

Ban sami amsa ba. Wanda ya amsa wani tela ne, sa'arsa kuma abokin tsokanarsa tun suna yara, tsohon ɗan PRP, ɗan gidan NEPU.

“Malam, faɗa masa saura mana. Faɗa masa shanu nawa ake rubutawa a littafi, nawa ake rubutawa a aljihu. Faɗa masa yadda Fulani ke gudu da garke cikin dare in sun ji kuna tafe. Faɗa masa yadda aka ɗaure ubana wata uku don ya tsaya sauraron lacca.”

“Kai, Tela, ubanka bakinsa ne ya ɗaure shi.”

Aka fashe da dariya, har shi telan. Amma tsohon bai musa sauran ba. Ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya ce an yi zalunci, ba wanda zai ce ba a yi ba, kuma shi ma hannunsa bai fita fes ba. “Sai dai a lokacin ka san wanda ya zalunce ka. Ka san ƙofar gidansa. Kana iya kai kuka gaba, har Katsina gaban Sarki Usman Nagogo in kana da ƙarfin hali. Yau wa za ka kama?”

Daga ranar na daina lacca, na koma saurare. Kuma da na saurara sai na ga abin da na ɗauka son mulkin danniya ne ba shi ba ne zalla. Ba wanda ke kewar bulala a cikinsu. Abin da suke kewa shi ne hukuma mai fuska, wadda ke kwana a garin da take mulka. An yi daidai da aka soke jangali, har gobe ina kan wannan. Amma jangali, da duk muninsa, shi ne dalilin da ke kai ma'aikacin gwamnati ruga sau ɗaya a shekara. Da aka cire shi ba a sa komai a gurbinsa ba, ba malamin dabbobi mai zuwa a kai a kai, ba makaranta mai ɗorewa, ba mai ƙirga. An yanke igiyar da ke shaƙe wuya, an manta ita ce kuma kaɗai ta haɗa daji da gari. Yaron da aka haifa a dajin bayan 1979 yakan girma bai taɓa ganin hukuma ba sai ran da aka kama ubansa a kasuwa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne inda tsofaffin biyu suka haɗu. Ran nan maganar burtali ta taso, wato hanyoyin da aka ware wa shanu tun zamanin Turawa, da makiyaya da mashaya. Dukansu sun san inda kowanne ya bi. Suna tsaye kan dutse suna nunawa da hannu: daga can gindin tsamiyar, ya ratsa ta bayan fadama, ya faɗa rafi. Yanzu duk waken suya ne da masara. Wa ya raba? Tela ya ce masu sarauta. Malamin jangali ya ce kansiloli da ciyamomi da manyan birni masu neman gona. Suka yi ta ja, daga ƙarshe suka yarda kowa ya ci rabonsa. Wani manomi da ke gefe bai ce uffan ba, ashe gonarsa a tsakiyar burtalin take.

Ba zan ce duk ƙorafinsu gaskiya ba ne. Tsufa yana da nasa rariya: yakan tace wuya ya bar daɗi. Suna yabon zamanin da auduga ke tafiya Funtuwa mota-mota, ga irin Daudawa, ga malamin gona har gida lokacin shirin noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa tun 1975, wanda ya haɗa har da ƙasar Faskari da Ƙanƙara. Sun manta yadda suke zagin hukumar sayen auduga kan farashi kafin a rushe ta a 1986. Suna cewa boko ya lalata yara, alhali kowannensu ya hawo dutsen ne don kiran ɗansa ɗan boko ya turo kuɗi. Akwai wanda ya rantse wayar hannu ce ta kawo ta'addanci, yana faɗa yana goge tasa da gefen riga. Wannan kam sai dariya. Amma a ƙarƙashin kowane “da ba haka ake ba” nakan tarar da wani abu takamaimai da ya ɓata ba a maido ba: mai gadin daji, ɗan sanda da ya san gari, taki a kan kari, dattijon da in ya tsawata ake ji. Kuskurena shi ne na ji sunan da suka ba ciwon, na yi musu da sunan, ban duba inda suke dafawa ba.

Ana gobe zan koma, na sami tsohon shi kaɗai a falalen, rana ta yi sanyi. Idonsa ba ya ganin lambobi sosai, sai ya miƙo mini wayarsa da wata tsohuwar takarda da aka ninke har ta yi laushi, ya ce in kira masa ɗansa da ke Legas. Sau shida ina kira ba ta shiga. Muna jira sai ya fara lissafo sunayen ardon da ya sani, ɗaya bayan ɗaya, da inda kowanne yake zama da damina. Ya kai goma sha wani abu. Wasu, in ji shi, jikokinsu ne yau ke riƙe da bindiga a can. “Na san kakanninsu. Na sha nono a ƙwaryarsu. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni.” A kira na bakwai wayar ta shiga. Ya karɓa, bai ma amsa gaisuwar ɗan ba ya fara faɗa don me ya yi wata biyu bai aiko ba.

Bayan 'yan watanni aka maido da sabis, majalisa ta watse, ciyawa ta rufe hanyar. Da azumin da ya biyo baya wata baƙuwar lamba ta kira ni. Shi ne, daga zaurensa. Na gaishe shi na tambayi jiki. Ya ce gwiwa tana nan yadda na bar ta, buhun taki ya fi ƙarfin talaka, Tela kuma har yanzu bai ɗinka masa rigar da ya kai tun kaka ba.