Ko tsofaffin makaman nukiliya za su iya tashi da kansu?

A ranar 27 ga Janairun 2002 gobara ta kama rumbun makaman barikin soja na Ikeja a Legas, bama-bamai suka yi ta tashi, mutane fiye da 1,000 suka hallaka. Tambayar ita ce, shin irin haka na iya faruwa da makaman nukiliya kimanin 12,000 da ke jibge a duniya, waɗanda da dama daga cikinsu an ƙera su tun zamanin yaƙin cacar baka?

Masana na ganin da wuya. Kafin bam ɗin nukiliya ya tashi, sai nakiyoyin da ke kewaye da sinadarin plutonium sun fashe a lokaci guda, sun matse shi ta kowace fuska daidai wa daida. Gobara ko faɗowa ƙasa ba su cika samar da wannan daidaito ba. Hasali ma tsufa rage wa bam ƙarfi yake yi, domin rabin iskar tritium da ke ƙara masa kaifi na lalacewa cikin kimanin shekara 12.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kuma hatsarin bai kau ba. A Janairun 1966 jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sararin samaniyar Palomares ta ƙasar Sifen. Nakiyoyin biyu daga cikin bama-bamai huɗu da yake ɗauke da su sun fashe, suka watsa plutonium a gonaki. A 1961 kuwa, a jihar North Carolina, makunni ɗaya tak ne ya hana wani bam da ya faɗo daga jirgi tashi.

Wato babbar barazanar ita ce kuskuren ɗan Adam da rashin kula da ajiya, ba yawan shekarun makamin ba.

Abin ya shafi Arewa

Yankin Sahara ma ya taɓa ɗanɗanawa. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane da ke kudancin Aljeriya a Fabrairun 1960, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita saboda gwaje-gwajen. A Mayun 1962 wani gwajin ƙarƙashin ƙasa a In Ekker ya ƙwace, turɓaya mai guba ta yi toroƙo ta rufe sojoji da ministocin Faransa biyu da suka je kallo.

Daga Saharar nan ce iskar hunturu ke kwaso ƙurar da ke sauka a gonakin Tudun Wada da Doguwa.

Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta fara aiki a 2009, ta haramta makaman nukiliya a Afirka, kuma a 2018 an kwashe ingantaccen yuraniyom daga cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya aka mayar da shi Sin. Amma yadda ƙasashe tara masu makaman ke adana su, ba abu ne da Afirka ke da ta cewa a kai ba.