Neman Digiri na Uku a Ilmin Jinya

A shekarar 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta yi shawara cewa ma'aikacin jinya mai duba majinyaci da rubuta magani ya kai digiri na uku. A 2006 ta ƙayyade masa sa'a 1,000 ta aikin hannu ƙarƙashin mai lura. Sau da yawa mai neman shiga yakan shagala da lasisi, da shaidar malamansa, ya gafala daga wannan sharaɗi. Lalle ne ya tambaya tun bai biya ko anini ba: wa zai tsaya masa a asibiti? Gama waɗansu makarantu kan bar ɗalibi ya nemo wa kansa mai lura, karatu ya tsaya, bashi kuwa yana ta hauhawa.