Ƙurar fure mai shekara miliyan ɗari

Idan hunturu ya kama, mangwarorin unguwar Television sukan yi fure, su saki ƙurar barbara wadda ba mai kula da ita. Ina ganin wannan rashin kulawa ya bi mu har jami'o'inmu, inda ake yi wa nazarin burbushin tsirrai kallon aikin marasa abin yi. Kuskure ne, kuma yana jawo mana asara.

Tsiro yakan mutu ya ruɓe, amma ɓawon ƙurar barbararsa yana da tauri, yakan daɗe cikin dutsen laka shekaru miliyoyi. Ganye na iya ruɗar masani, domin tsirran da ba dangi ba sukan yi kama. Kayan haihuwa, wato iri da ƙura, su ne ke bayyana asali. A 1952 Edna Plumstead ta Afirka ta Kudu ta bayyana kayan haihuwar Glossopteris manne da ganyensa. Wannan itace ya rayu fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, kuma samun burbushinsa a Afirka da Indiya da Ostareliya da Kudancin Amurka na cikin hujjojin cewa nahiyoyin nan a da a haɗe suke.

Ƙarƙashin Television ba za ka sami irin wannan ba, domin Kaduna na zaune kan tsohon dutsen da ya girmi itatuwa. Amma a Gundumi ta jihar Sakkwato akwai itatuwan da suka zama dutse, a kwarin Binuwai kuma akwai ƙurar Classopollis, ta wani dangin itace da ya ƙare. Da irin wannan ƙura masu neman man fetur ke gane shekarun duwatsun da suke haƙa. Aikin mai na Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, wanda aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, yana cikin wannan kwari.

Za a ce ga yunwa ga rashin tsaro, wa ke ta burbushi? Amsar ita ce, ƙasar da ba ta horar da masu karanta duwatsunta ba za ta ci gaba da biyan baƙi su karanta mata. Hukumar binciken ƙasa, wadda aka kafa a 1919, tana da ɗakin gwaje-gwaje a nan Kaduna. A kai ɗaliban sakandare su gani da idonsu, jami'o'i kuma su ware tallafi ga masu son fannin. Da tsohuwar zuma ake magani.