Baturen ya tafi, wariyar tana nan

Malam, ka rubuta cewa wariya a coci ta bi Turawan mishan gida, wai tunda baƙar fata ke kan bagade, magana ta ƙare. Ban yarda ba.

Ka kafa hujja da Peter Porekuu Dery, ɗan ƙabilar Dagaaba da ya zama bishop na Wa, a arewacin Ghana, a 1960, ya koma Tamale a 1974, ya zama kadinal a 2006. Gaskiya ne, ya shigar da harshen Dagaare da kiɗan mutanensa cikin ibada lokacin da Latin ke mulki. Amma ɗaukakar mutum ɗaya ba ta wanke jama'a.

Turawan mulki sun mai da arewacin Ghana rumbun leburori, suka taƙaita mata makarantu. Rainin da wannan ya haifa, mu muka gaje shi. Yarinyar da ta bar arewa tana dako a kasuwar Kumasi, wa ke matsa mata wuri a benci ran Lahadi? Wane dattijon ikilisiya zai ba ɗan'uwanta 'yarsa ba tare da dangi sun yi zugum ba?

Mu ma a nan arewa ba mu kuɓuta ba. A yaƙin ƙabilanci na 1994 Konkomba sun gudu daga Tamale, an sa hannu kan sulhu a Kumasi a 1996, amma har yau akwai mai tambayar ƙabilar fasto kafin ya saurari wa'azinsa. Wannan ba Bature ya tilasta mana ba. A duba wa ake naɗawa dattijo, da wane harshe ake waƙa, sannan ka sake rubutu.